Mutumin da bai iya karɓa ba: Okonkwo da mutanen gidansa

Na daɗe ina koyar da adabi a wata makarantar sakandare a cikin birnin Sakkwato, kuma babu littafin da na bi da ɗalibai sau da yawa kamar Things Fall Apart na marigayi Chinua Achebe, wanda aka fara bugawa a Landan a shekarar 1958. Wata rana da bazara, lokacin da zafin garin nan yake sa aji ya yi tsit tun kafin azahar, muka kammala babi na bakwai, inda aka kashe yaron nan Ikemefuna. Ɗalibai suka watse, amma wani yaro mai yawan shiru ya tsaya a bakin ƙofa har na gama tattara takarduna, sannan ya matso ya rusuna ya ce, "Malam, wanga mutum ai babanmu na." Ban tambaye shi abin da yake nufi ba, domin bai dace malami ya tono asirin gida ta bakin ɗan gidan ba, kuma na tabbata ba maganar kisa yake yi ba. Abin da ya gane a jikin Okonkwo, tauraron littafin, shi ne uban da ake jin tsoron takunsa tun daga zaure, wanda yake ciyarwa ya tufatar, amma ɗansa bai taɓa sanin ko yana sonsa ba.

Kafin wannan rana ni ma ina karanta littafin ne a matsayin labarin zuwan Turawa da rushewar tsarin gargajiya, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga ɗan Sakkwato. Mun tashi muna jin labarin ranar 15 ga Maris, 1903, da aka gwabza a Giginya, da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya har zuwa Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli na wannan shekara, saboda haka duk wanda ya ƙi sunkuya wa Nasara yana da wuri a zuciyarmu tun kafin mu san halinsa. Wannan ƙaunar ce ta rufe mini ido. Littafin yana da babi 25, kuma a cikin 13 na farko babu Baturen da ya taka ƙasar Umuofia, garin su Okonkwo, amma kafin a kai ƙarshensu Okonkwo ya riga ya doki mace a makon da aka haramta duka, ya harbi wata da bindiga, ya sare yaron da yake kiransa baba, zuciyar ɗansa na fari ta fita daga kansa, kuma an kore shi daga garinsu. Gidan nan ya tsage tun kafin baƙo ya iso.

Masana adabi suna da suna ga irin wannan. Aristotal, masanin falsafar nan na Girka wanda malaman Larabci suke kira Arisɗo, ya yi bayani a littafinsa na nazarin waƙa da wasan kwaikwayo cewa labarin ban tausayi ba ya tsayuwa a kan cikakken salihi, ba ya kuma tsayuwa a kan mugu tsantsa, domin faɗuwar na farko tayar da hankali kawai take yi, ta biyun kuwa sai a ce Allah ya ƙara. Wanda ake so shi ne mutum mai daraja wanda wani kuskure daga gare shi ya jawo masa faɗuwa. Kalmar da ya yi amfani da ita, hamartiya, asalinta daga kuskuren maharbi take, wato a saki kibiya ta kauce wa abin da aka nufa, kuma daga baya ne manazarta suka faɗaɗa ta har ta koma nufin aibin da ke cikin halin tauraron labari. Mu da muka yi karatun zaure ba baƙin wannan tunani ba ne, ko da yake ta wata ƙofa muka shigo shi. Imam Gazali ya ware kashi ɗaya cikin huɗu na Ihya'u Ulumiddin ga abubuwan da ya kira masu halakarwa, irin su fushi da hassada da girman kai da riya, cututtukan da suke zaune a zuciya ba a ganinsu sai ta abin da suke sa mutum ya yi wa waɗansu. Haka shi ma marubucin ƙagaggen labari ba shi da hanyar nuna aibin tauraronsa sai ta mutanen da ya kewaye shi da su. Da Okonkwo shi kaɗai yake zaune da gonar doyarsa, da ba a ga komai a tare da shi ba sai ƙwazo.

Idan na tambayi ɗalibai mene ne aibin Okonkwo, yawancinsu zafin zuciya suke cewa, waɗansu su ce girman kai. Duka biyun akwai su, sai dai rassa ne. Marubucin da kansa ya nuna saiwar tun a babi na biyu, cewa tsoro ne yake mulkin rayuwar mutumin, tsoron kada a wayi gari a ga ya yi kama da mahaifinsa. Mahaifin nan, Unoka, mutum ne mai son sarewa da bammi da zaman hira, ba ya son noma, ba ya iya kallon jini, bashi kuma ya yi masa katutu har yana zana adadinsa da alli a bangon ɗakinsa. Bai riƙi ko muƙami ɗaya na gargajiya ba, kuma da ciwon kumburi ya kama shi, wanda al'adarsu take ƙyama, sai aka ɗauke shi aka kai mugun daji ya mutu a can ba kabari, da sarewarsa a hannu. Tun Okonkwo yana yaro wani abokin wasansa ya gaya masa cewa ubansa agbala ne, kalmar da take nufin mace, take kuma nufin namijin da ba shi da muƙami. Duk wanda aka taɓa yi wa gori da ubansa a dandali ya san irin tabon da wannan yake bari. Daga nan yaron ya yanke wa kansa hukunci guda, cewa zai ƙi duk abin da Unoka yake so. Unoka yana son zaman banza, kuma ƙin wannan ya amfani ɗansa ƙwarai. Amma Unoka yana kuma da taushin hali da raha da son jama'a, sai ɗan ya haɗa tsaba da ƙaiƙayi ya zubar.

Da na sake bin littafin a hankali bayan maganar ɗalibin nan, sai na lura da abin da ya wuce ni a duk karatun da na yi a baya. Kusan kowane mutum na kusa da Okonkwo ya taɓa miƙo masa wani abu, wani lallashi, wani shawara, wani ƙauna, wani mafaka, amma babu wanda ya karɓa da hannu biyu. Bayarwa kam ya iya. Tun yana saurayi shi yake ciyar da uwarsa da 'yan'uwansa mata, har da uban da ya raina, kuma a gidansa mai mata uku da 'ya'ya takwas ba a taɓa kwana da yunwa ba. Karɓa ce take yi masa wuya, domin mai karɓa yakan sunkuya ya nuna yana da buƙata, shi kuwa buƙata fuskar Unoka ce take nuna masa. Abin da ya karɓa ba tare da ƙyashi ba shi ne irin doya 800 da attajiri Nwakibie ya ba shi a bisa sharaɗin kashi biyu cikin uku na amfanin gona na mai iri ne, domin wannan bashi ne da gumi yake biya. A wannan shekarar aka fara da fari, aka ƙare da ruwa mai yawa har doya ta ruɓe, wani manomi ya rataye kansa saboda baƙin ciki. Unoka, wanda ya riga ya tsufa yana fama da ciwo, ya lallashi ɗansa kada ya yanke ƙauna, ya ce masa zuciya mai alfahari tana iya jure asarar da ta shafi kowa, wadda ta fi ɗaci ita ce ta mutum shi kaɗai. A wurina babu maganar da ta fi wannan hikima a cikin littafin, kuma ita ce ta tabbata a kan Okonkwo a ƙarshe, amma shi bai ji komai a cikinta ba sai surutun tsohon da ya gaza.

Matansa ne suka fara ɗanɗana kuɗarsa. A makon zaman lafiya, wanda ake yi kafin shuka don girmama gunkiyar ƙasa, amaryarsa Ojiugo ta tafi kitso ba ta dawo ta yi girki da wuri ba, ya yi mata dukan da har maƙwabta suka leƙo. Bokan gunkiyar, Ezeani, ya ci shi tarar akuya da kaza da turmin zane da wuri 100. Ya biya, kuma marubucin ya gaya mana a zuci ya yi nadama, amma bai bari kowa ya gani ba, har mutane suka fara cewa arziki ya sa ya raina abin bauta. Labarin Ekwefi, matarsa ta biyu, ya fi taɓa ni. Ita ce ta gan shi ranar da ya kayar da Amalinze, ɗan kokawar da ya shekara bakwai bayansa bai taɓa ƙasa ba, ta so shi tun yana matalaucin da ba ya iya biyan sadakinta, daga baya ta gudo daga gidan mijinta ta zo wurinsa da ƙafarta. Wannan matar ce ya doka saboda ganyen ayaba da ta yanka gab da bikin sabuwar doya, kuma da ta yi gunaguni game da bindigar da ba ta taɓa kashe komai ba, ya ɗauko bindigar ya ɗirka mata. Allah ya sa bai same ta ba. Ya jefar da bindigar ya yi tsalle ya duba, ya ga tana da rai, ya yi ajiyar zuciya ya tafi, ko kalma ɗaya ta ban haƙuri ba ta fito daga bakinsa ba.

Sai Ikemefuna. An kawo shi daga Mbaino yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka, a matsayin diyyar wata matar Umuofia da aka kashe a kasuwarsu, aka ajiye shi a gidan Okonkwo kafin gari ya yanke abin da za a yi da shi, sai gari ya manta da shi har shekara uku. A cikin waɗannan shekaru yaron ya zama ɗan gida. Ya iya ɗana tarko da sassaƙa sarewa, ya san sunayen tsuntsaye, ya iya tatsuniya, kuma Nwoye, ɗan Okonkwo na fari, ya manne masa kamar wa. Okonkwo ya so shi, har yakan ba shi kujerarsa da jakarsa ta fatar akuya ya riƙe masa idan za shi taro, kamar yadda ɗa yake yi wa uba, shi kuma yaron yana kiransa baba. Ranar da aka ce abin bautarsu ya yanke a kashe shi, Ezeudu, wanda ya fi kowa shekaru a unguwar, ya tako har gida ya ja Okonkwo gefe ya ce masa tun da yaron nan baba yake kiransa, kada ya sa hannu a mutuwarsa. Wannan dattijo tsohon jarumi ne mai muƙamai uku, babu wanda zai zarge shi da ragwanci, wato al'adar da kanta ce ta buɗe wa Okonkwo ƙofar fita. Bai bi ta ƙofar ba. Ya shiga cikin masu rakiya, aka ɗora wa yaron tulun bammi a ka aka ce gida za a mayar da shi, yana tafiya yana tunanin uwarsa da ƙanwarsa, kuma duk lokacin da tsoro ya ɗarsu a ransa sai ya tuna babansa yana bayansa. Da suka shiga tsakiyar daji Okonkwo ya koma baya, ya kau da kai lokacin da aka ɗaga adda. Tulu ya fashe, yaron ya ruga wurinsa yana kiransa baba yana neman ceto, shi kuma ya zare addarsa ya sare shi, saboda kada a ce ya yi rauni.

Na karanta wannan wuri a gaban aji ya fi a ƙirga, kuma har yau muryata takan canza idan na iso shi. Abin da yake ƙara nauyinsa shi ne babu wanda ya umarce shi, kuma ba ƙiyayya ce ta motsa hannunsa ba. Yaron ya kawo masa mafi tsadar abin da ɗan Adam yake iya kawo wa wani, wato amana a lokacin mutuwa, shi kuma ya dubi idon maza ya bar idon yaron. Ya yi kwana biyu bai sa abinci a baki ba sai bammi, barci ya ƙaurace masa, yana zagin kansa da cewa ya zama mace, shi da ya kawo kawunan mutum biyar daga fagen yaƙi. Har baƙin cikin da zuciyarsa ta miƙo masa bai yarda ya karɓa ba. Da ya je wurin amininsa Obierika, maimakon ya faɗi abin da ke cinsa sai ya tuhume shi da ƙin zuwa kisan. Obierika ya gaya masa gaskiya, cewa da shi ne da ya zauna a gida, kuma abin da ya yi irin wanda ƙasa take shafe zuriya a kansa ne.

A daren da aka yi kisan, Nwoye ya ga mahaifinsa ya shigo ya san abin da ya faru, wani abu ya tsinke a cikinsa wanda bai sake ƙulluwa ba. Tun yana ɗan shekara 12 uban yake dukansa yana yi masa faɗa, domin yana hango Unoka a jikinsa: yaron ya fi son tatsuniyoyin uwarsa na kunkuru da tsuntsaye a kan labaran yaƙi da zubar da jini da ake ba su a turakar uba. Zaman Ikemefuna ne ya sa ya fara kusantar mahaifinsa, yana yin kamar ya raina hirar mata don ya faranta masa, kuma uban ya ji daɗin haka a ɓoye. Ashe gadar da ta haɗa uba da ɗa ita ce uban ya sare da hannunsa. Shekaru bayan haka, a Mbanta, garin uwar Okonkwo inda suka yi zaman gudun hijira, da 'yan mishan suka zo suna wa'azi, Nwoye bai fahimci aƙidarsu ba; waƙarsu ce ta shige shi, domin ta taɓo tambayar da ya daɗe yana ɗauke da ita game da Ikemefuna da tagwayen da ya taɓa ji suna kuka a daji inda aka jefar da su. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Da labari ya kai wa Okonkwo, ya shaƙe wuyan yaron ya hau shi da sanda, sai da kawunsa Uchendu ya daka masa tsawa ya sake shi, Nwoye ya fita bai sake dawowa ba. Da Obierika ya gamu da shi cikin 'yan mishan ya tambaye shi labarin mahaifinsa, ya ce ba ubansa ba ne. Shi kuwa Okonkwo ya zauna da dare yana kallon wutar da ke ci a ɗakinsa yana neman dalili, ya tsaya a kan cewa wuta mai ruri toka take haifa. Ya zargi jini, ya zargi ƙaddara, har ya yi tunanin ko matarsa ta ci amanarsa, amma bai taɓa tunanin dajin nan da tulun bammi ba. A littafin da ya biyo baya a 1960, No Longer at Ease, mun tarar da Nwoye ya zama dattijo mai suna Isaac, mai tsananin riƙo da sabon addininsa, kuma mun ji cewa da labarin mutuwar ubansa ya same shi ƙin zuwa ya yi. Ɗan da ya gudu daga taurin uba ya tafi da wani abu na taurin, kamar yadda uban ya kwana da Unoka a zuciya har mutuwa.

A nan ne nake so mu yi hattara, mu Hausawa da Fulani, domin muna da al'adar da take kama da halin Okonkwo daga nesa. Ni ɗan fari ne, kuma har mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, bai taɓa yabona a gaban mutane ba, ba ma cin abinci a kwano ɗaya. Wannan kunyar ɗan fari ce, kuma ban taɓa ɗaukarta ƙiyayya ba, domin tana da hanyoyin da take bi ta isar da saƙo: aiken ƙanen uba ya tambayi abin da nake buƙata, kuɗin da ake ba inna a ce ta ba yaron nan, da daren da zazzaɓi ya kwantar da ni na ji tarinsa a bakin ƙofa har aka kira asuba. Kunya tana rufe baki ne ta bar hannu a buɗe, kuma ɗan da aka yi wa ita ya san inda ya tsaya. Abin da ɗalibina ya gane wani abu ne dabam, wato uban da yake ɓuya a bayan kunya alhali tsoro ne yake riƙe da shi, tsoron kada a ce gidansa ya fi ƙarfinsa, kada a ce ɗansa rago ne, kada abokan majalisa su yi dariya. Na san wannan tsoro domin na taɓa samunsa a bakina, ranar da ɗana ɗan shekara shida ya faɗi a gaban baƙi yana kuka na daka masa tsawa cewa namiji ba ya kuka, kuma na san sarai don baƙin na faɗa, ba don shi ba. Ya zo a Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, sai Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa.

Wanda zai ce Okonkwo ba shi da zuciya bai karanta labarin Ezinma ba. Ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'ya goma da Ekwefi ta haifa, abin da mu muke kira wabi, kuma ita ce ta fi kowa fahimtar mahaifinta. Daren da zazzaɓi ya kama ta, shi ya ɗauki adda ya shiga daji ya samo ganye da sassaƙe, ya tsaya a kan tukunya har aka yi mata surace. Daren da bokanya Chielo ta goya ta ta nufi kogon abin bautarsu, Ekwefi ta bi su cikin duhu ba ta tsaya neman izini ba, shi kuwa ya jira har lokacin da yake ganin ya dace da namiji ya wuce, sannan ya fita, kuma sai a zuwansa kogon na huɗu ya same su, hankalinsa a tashe. Babu wanda ya gaya wa haka. Duk ƙaunar da yake yi wa yarinyar nan a jumla ɗaya take fita, cewa ina ma namiji ce, wato ko kyautar da aka ba shi cikakkiya sai ya ga an yi kuskure a siffarta. Da ta girma a Mbanta masu neman aure suka yi mata caa, ya nemi ta jira sai sun koma Umuofia domin aurenta ya taimaka wajen dawo masa da martaba, ta amince, ta kuma shawo kan ƙanwarta Obiageli.

Akan ce laifin al'ummarsa ne, tun da ita ce take auna namiji da rumbun doya da kawunan da ya kawo daga yaƙi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba, kuma marubucin ya yi dabarar sa shaidu a kan hakan. Ita wannan al'umma ita ce ta ware makon zaman lafiya, ita ce ta sa Okonkwo ya nemi gafara ranar da ya kira wani marar muƙami mace a taron dangi. A cikinta ne aka yi dattijo Ndulue, wanda ba ya yin komai sai ya shawarci matarsa Ozoemena, har suka mutu rana ɗaya. Da Okonkwo ya ji haka ya ce bai san mutumin rago ba ne, aka tuna masa cewa shi ya jagoranci Umuofia zuwa yaƙi a zamaninsa. Obierika ma ɗan garin ne, jarumi ne, amma yana tunani kafin ya ɗaga hannu. Okonkwo rabin al'adarsa ya ɗauka ya bar rabi. Mu da muke garin da har yanzu ake cika fili don kallon kokawa da dambe bayan an yi girbi mun san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda yake mallakar kansa lokacin fushi. Ban san wani tauraron labari da wannan ma'auni ya hau kansa daidai kamar wanda ya yi suna da kokawa yana ɗan shekara 18 ba.

Korarsa ma ta zo ta inda ya fi ƙi. A wurin jana'izar Ezeudu, dattijon da ya gargaɗe shi, bindigarsa ta fashe ƙarfe ya soki ɗan mamacin mai shekara 16, kuma da yake ba da gangan ba ne al'adarsu tana kiran wannan laifin mace, hukuncinsa gudun hijira na shekara bakwai zuwa garin uwa. Dangin uwarsa suka ba shi fili da gonaki da irin doya. Uchendu ya tara iyali ya yi masa nasiha, cewa ɗa na uba ne, amma idan uba ya doke shi ɗakin uwa yake gudu, kuma bai kamata ya zo wurin uwa da fuska a murtuke ya ƙi lallashi ba. Ya gaya masa shi kansa ya binne 'ya'ya 22 bai rataye kansa ba. Obierika kuwa shekara bayan shekara yana sayar masa da doyarsa yana kawo masa kuɗin har Mbanta. Okonkwo ya gode, ya yi musu babbar walima da zai tafi, amma shekarun nan bakwai asara ya lissafa su. Ya sa wa 'yar da aka fara haifa masa a can suna Nneka, mai nuna girman uwa, don ganin idon dangi, ɗan da ya biyo baya kuwa ya kira shi Nwofia, wanda aka haifa a jeji.

Saboda haka lokacin da Bature ya iso da cocinsa da kotunsa, ya tarar da mutumin da ya riga ya yanke duk igiyoyin da za su iya riƙe shi. Ba na rage laifin mulkin mallaka da wannan magana. An yaudari shugabanni shida aka kira su tattaunawa aka sa musu ankwa, aka aske musu kai, aka yi musu bulala, aka ci garin tarar buhun wuri 200 wadda masinjojin kotu suka mayar 250 don su ci rarar, kuma fushin Okonkwo a kan wannan fushi ne na gaskiya. Amma a daren da aka sake su ya riga ya yanke cewa idan gari ya ƙi yaƙi zai yi shi kaɗai, bai kuma shawarci kowa ba, sai dai ya furta wa Obierika hakan da suka tafi taron kasuwa tare da safe. Da masinjoji biyar suka zo hana taro ya fille kan shugabansu, ya juya ya ga jama'a sun bar sauran huɗun sun tsere, ya ji ana tambayar dalilin da ya sa ya yi haka, ya goge addarsa a ƙasa ya tafi.

A ranar da aka sake su, Ezinma, wadda ta katse ziyarar da take yi a gidan dangin wanda zai aure ta da ta ji an kama mahaifinta, ta dafa masa abinci ta kawo. Ba ya jin yunwa, amma ya ci don ya faranta mata, abokansa suna zaune shiru suna kallon shatar bulala a bayansa. Wannan ne wuri ɗaya da na samu a littafin inda ya karɓi abu daga hannun wani don kawai mai bayarwar ya ji daɗi. Bayan kisan masinja, da Baturen mulki ya iso gidan da sojojinsa, babu mace ko ɗa da aka ambata a wurin, sai 'yan maza kaɗan zaune a gajiye. Obierika ya kai shi bayan gida inda gawar take rataye a bishiya, ya roƙi baƙi su sauko da ita, domin al'adarsu ta hana dangi taɓa wanda ya kashe kansa. Ya fara faɗa wa Baturen cewa wannan yana cikin manyan mutanen Umuofia kuma su suka kai shi ga haka, sai muryarsa ta shaƙe ya kasa ƙarasawa.